Neman cifset ɗin da zai bar 12600K ɗina ya yi gudu

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na buɗe wannan rubutun ne saboda aikin BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi, in ba a rubutawa lambobi cakuɗewa suke yi, bayan sati biyu ba za ka iya tuna wacce ka taɓa da wacce ka bari ba. Abin da ke gabana yanzu: firosesa Core i5-12600K, madabod (babban allon da komai ke jonuwa a kai) mai cifset B660, ram DDR4-3600 sanda biyu 16GB kowacce, sai na'urar sanyaya ta iska mai hasumiya biyu. Kusan shekara biyu ke nan kwamfutar tana min aiki, yawanci matse bidiyo da manhajar HandBrake cikin dare, wani lokacin awa uku awa huɗu tana niƙa ba tsayawa, shi ya sa in aka ce za a rage min ko minti ashirin ne a cikin wannan to abu ne babba a wurina.

Jiya da daddare na shiga BIOS da niyyar in ɗaga ninkin manyan ƙwayoyin firosesa zuwa 50. Lissafin mai sauƙi ne, agogon tushe 100 MHz ne, sai a ninka shi, ninki 45 ya ba ka 4.5 GHz, ninki 50 ya ba ka 5.0 GHz. Nawa in duk manyan ƙwayoyin shida suna aiki tare a 4.5 yake zama, 4.9 ɗin da aka rubuta a kwali sai in ƙwaya ɗaya ko biyu ce ke aiki. Na rubuta 50, na ajiye, na tayar, na buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna gudun firosesa, yana nan inda yake. Na koma na sake, haka dai.

Sai da na zauna na yi karatu sannan na gane. Harafin K na ƙarshen sunan yana nufin shi firosesan a buɗe yake, amma a ɓangaren Intel wannan kaɗai bai isa ba, dole cifset ɗin madabod ma ya yarda, kuma galibi jerin Z ne ke yarda. B660 zai bar ka ka ɗaga gudun ram, zai bar ka ka saki iyakar wutar da firosesa ke ja, amma ninki a'a. Ƙofa ce mai kwaɗo biyu ni kuma makulli ɗaya ne a hannuna. Lokacin da na haɗa kwamfutar ban duba wannan ba, hankalina na kan wasu abubuwa.

To aikin dai yanzu shi ne canza madabod. Ba zan yi gaggawa ba.

Talata, 14 ga Janairu

Kwana ukun nan tambaya ɗaya nake bi, wai shi cifset ɗin ma mene ne aikinsa a cikin obakulok, wato ɗaga gudun firosesa sama da na kamfani? Don ni da na ɗauka akwai wani ƙarfi na musamman a cikin Z690 wanda babu a B660, kamar shi ne yake tura firosesa daga baya. Ashe ko kaɗan ba haka ba ne. Cifset na yanzu ɗan guntu ne da ke can ƙasa kusa da ramin katin hoto, aikinsa ya tattaro USB da SATA da intanet da sauran ramukan M.2 na faifan SSD ya miƙa wa firosesa ta wata hanya da ake ce wa DMI. Ram ba ya bi ta cikinsa. Katin hoto ma ba ya bi, layuka 16 na PCIe 5.0 daga jikin firosesa suke fitowa kai tsaye, haka layuka 4 na M.2 na farko. Wutar da firosesa ke sha kuwa ko kusa da cifset ba ta zuwa.

A da kam magana ce daban, kuma ina ga daga can ne wannan tunanin ya zauna a kawunan mutane har yau. Zamanin soket LGA775 mai kula da ram yana cikin cifset ne, a guntun da ake ce wa gadar arewa, kuma yawancin firosesa ninkinsu a kulle yake, don haka gudun FSB, hanyar da ke haɗa firosesa da gadar arewa, ake ɗagawa. Core 2 Quad Q6600 misali, 266 sau 9 ne ya ba da 2.4 GHz, mutane su ɗaga 266 ɗin zuwa 333 sai ga 3.0 GHz. A nan in gadar arewarka ba ta da ƙarfi ko tana ɗaukar zafi to nan za ka tsaya ko da firosesan yana da sauran numfashi, shi ya sa ake ta muhawara a kan cifset P35 da P45 da X48, kuma muhawarar tana da tushe. AMD ta riga ta kwashe mai kula da ram ta saka cikin firosesa tun 2003 da Athlon 64, Intel ta biyo baya a 2008 da Core i7 na farko. Da jerin firosesan Intel na Sandy Bridge ya zo a 2011 sai agogon tushe ya zama a ɗaure da PCIe da sauran abubuwa, ka ɗaga shi kaɗan komai ya rikice, sai aka koma ninki da firosesa masu K irin su 2500K. A lokacin P67 yana barin ninki amma ba ya fitar da hoton cikin firosesa, H67 yana fitar da hoto amma ba ya barin ninki, sai Z68 ya zo a shekarar ya haɗa biyun. Daga nan harafin Z ya samo asali.

Abin da na fahimta ke nan, a yau cifset izini kawai yake bayarwa. Ya ce e ko ya ce a'a. In ya ce e, to iya inda za ka kai ba shi ke yankewa ba, wasu abubuwa ne na jikin madabod da sanyaya da kuma sa'ar guntun silikon da ka samu. Wannan ya canza min yadda zan yi zaɓen gaba ɗaya.

Asabar, 18 ga Janairu

Na yi waya da yayana yau, shi ya daɗe yana haɗa kwamfuta, na faɗa masa halin da ake ciki. Ya ce kai dai ka koma AMD ka huta, can ko B ka ɗauka a buɗe yake. Na ce Yaya gaskiyarka, amma ka bar ni in duba tukunna.

Kuma na duba, maganarsa haka take. A ɓangaren AMD tun soket AM4 cifset B350 da B450 da B550 duk suna barin obakulok daidai da X370 da X470 da X570, jerin A ne kawai aka kulle, A320 da A520. A AM5 ma haka, B650 a buɗe, A620 a kulle, sai dai a yi hattara da B840 da ya fito kwanan nan, sunansa da B ya fara amma ba ya barin obakulok na firosesa, B850 ne yake bari. Abin da ya fi burge ni ma shi ne X670 da X670E guntu biyu ne iri ɗaya aka jera, B650 kuma ɗaya ne daga cikin irin guntun, wato bambancin yawan USB da layukan PCIe ne, ba gudun firosesa ba. Sannan su Ryzen na yanzu mutane ba su cika sa musu ninki tsayayye ba, PBO, tsarin AMD na ƙara gudu da kansa, suke buɗewa su saki iyakokin wuta, sai su yi amfani da Curve Optimizer su rage wa kowace ƙwaya wuta kaɗan-kaɗan, firosesan da kansa ya hau. Ryzen masu X3D a ƙarshen suna ne suka bambanta, 5800X3D ninkinsa a kulle yake, sai 9800X3D na Nuwamban 2024 aka buɗe shi sosai.

Amma AM5 DDR5 kawai yake karɓa. Ke nan sabon firosesa, sabon madabod, sabon ram, wannan ai ba canza madabod ba ne, sabuwar kwamfuta ce, ni kuma 12600K ɗin nan nake so in ga iya ƙarfinsa. Z890 ma na cire shi a lissafi, soket ɗinsa LGA1851 ne na Core Ultra 200S, nawa ba zai zauna a ciki ba.

Akwai wata ƙaramar hanya da na gani, wasu tsirarun madabod na B660 an saka musu guntun agogo na daban wanda ke barin a ɗaga agogon tushe sama da 100, masu 12400 marar K sun ci moriyarsa sosai. Madabod ɗina ba shi da shi. An wuce wurin.

Saura biyu, Z690 da Z790.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na jera su gefe da gefe. Z690 ya fito Nuwamban 2021 tare da zuriya ta 12, Z790 Oktoban 2022 tare da ta 13, soket ɗaya LGA1700, kuma dukkansu suna ɗaukar zuriya ta 12 da 13 da 14, sai dai Z690 yana buƙatar sabunta BIOS kafin ya gane na bayan. DMI ɗinsu ɗaya, 4.0 mai layi 8, ninki biyu na B660 mai layi 4. Bambancin: Z690 yana da layuka 12 na PCIe 4.0 da 16 na 3.0, Z790 yana da 20 na 4.0 da 8 na 3.0, da ƙarin USB mai 20Gbps guda ɗaya. Shi ke nan fa. Ni SSD biyu gare ni da katin hoto ɗaya, ko layukan B660 ban cinye ba. A maganar ninki da wuta babu abin da ɗaya ya fi ɗaya.

Inda madabod na Z790 suka yi fice shi ne DDR5 mai gudu sosai, kuma wannan ma ba aikin cifset ba ne, masu ƙera madabod ne suka ƙara gogewa a shimfiɗa layukan ram bayan shekara guda. Ni DDR4 zan ci gaba da shi. Madabod na LGA1700 ko dai na DDR4 ne ko na DDR5, ramukan ba sa shiga juna, don haka dole in duba sunan da kyau kar in ɗauko wanda ram ɗina ba zai shiga ba.

Wani abu da na rubuta don gaba: in wata rana na saka firosesa na zuriya ta 13 ko 14 a ciki, dole BIOS ɗin ya kasance mai maikurokod (gyaran da Intel ke turo wa firosesa ta BIOS) 0x12B na Satumban 2024 ko na bayansa, wanda aka fitar saboda matsalar yawan wuta da ta riƙa lalata waɗancan. Zuriya ta 12 abin bai shafe ta ba. Amma wannan ya sa ɗaya daga sharuɗɗana shi ne madabod ɗin ya zama wanda har yanzu ana fitar masa da sabon BIOS.

Asabar, 25 ga Janairu

Wannan satin gaba ɗaya a kan VRM na ƙare shi, kuma a nan ne ainihin zaɓen yake.

VRM shi ne jerin guntayen nan da ke kewaye da soket ta sama da hagu, ƙarƙashin ƙarfen shan zafi. Wuta tana shigowa daga waya mai fil 8 a kan bolt 12, su kuma su sauke ta zuwa wajen bolt 1.2 ko 1.3 da firosesa ke so. To ka yi lissafi, in firosesa na jan wat 200 a kan bolt 1.25, amfiya 160 ke nan ke ratsa waɗannan 'yan guntayen, kuma ba a tsaye take ba, cikin ƙiftawar ido aiki zai tashi daga kusan sifili zuwa ƙololuwa ya sake faɗowa. In VRM ya yi rauni abu biyu ne, ko ya yi zafi har madabod ya rage wa firosesa gudu don ya ceci kansa, ka ga ka saita 5.0 amma bayan minti goma yana yawo a ƙasa, ko kuma wutar ta riƙa rawa sai ka ƙara bolt fiye da kima kafin kwamfuta ta tsaya da ƙafarta. Kuma babu ruwan harafin Z da wannan, akwai madabod mai Z a goshi da VRM ɗinsa bai kai na wasu B masu kyau ba, cifset ɗin ya ba ka izini amma jikin ba zai ɗauka ba.

Sai maganar lambobin da ake rubutawa a kwali, 12+1+1, 16+1+1 da sauransu. Lambar farko ce ta ƙwayoyin firosesa. Amma ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wani 16 ɗin takwas ne aka haɗa bibbiyu suna karɓar umarni ɗaya, kuma wannan ba laifi ba ne in guntayen masu kyau ne, abin dubawa shi ne kowane guntu amfiya nawa yake ɗauka, 50 ne ko 60 ko 70 ko 90, kuma haɗaɗɗen guntu ne irin DrMOS ko tsofaffin MOSFET ne warwatse waɗanda suka fi fitar da zafi. Sannan ƙarfen da ke kansu, na gaske ne mai nauyi da tsaga-tsaga da iska za ta ratsa, ko kuwa ado ne aka lulluɓe da roba. Na ga hoton wani da rabin abin da ke sama roba ce zalla.

Na rage zuwa biyu. Ɗaya Z790 ne na ƙasan jeri, guntayen wutarsa ƙanana, ƙarfen saman soket siriri. Ɗayan Z690 ne na tsakiyar jeri mai DDR4, guntaye 14 na ƙwayoyi masu amfiya 60 ko sama, ƙarfe mai kauri gefe biyu, da fitilun nan huɗu da ke nuna inda tayarwa ta maƙale ko firosesa ne ko ram ko katin hoto ko faifai, da maɓallin sabunta BIOS daga filashi ba sai an kunna kwamfuta ba. Ga mai obakulok waɗannan fitilun da hanyar goge CMOS, wato mayar da BIOS saitinsa na farko, cikin sauƙi sun fi ƙarin ramin M.2 amfani nesa ba kusa ba, domin za ka kashe kwamfutar da hannunka sau da yawa, dole ka san yadda za ka dawo da ita.

Lambar 790 ta fi 690 girma, kuma gaskiya zuciya tana ja can. Amma Z690 ɗin na zaɓa. 12600K iyakarsa ta kamfani wat 150 ce, ko na matsa masa da wuya ya wuce 200, wannan VRM ɗin zai ɗauke shi ba tare da ya ji ba.

Na kuma karanta sharaɗin garanti, obakulok yana iya fitar da firosesa daga garanti, kuma tsarin kariya na daban da Intel ke da shi don masu obakulok an daina shi tun Maris 2021. Na sani, na yarda, shi ya sa ba zan yi ganganci da bolt ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Madabod ya iso, na haɗa yau. Ram a rami na biyu da na huɗu daga soket kamar yadda littafin ya ce. Kunnawar farko fitilar ram ta tsaya a kunne kusan minti guda allo baƙi, gabana ya faɗi, amma na bar shi, ashe gwajin ram yake yi, sai ga tambari ya fito.

Sai Windows ya ƙi tashi, shuɗin allo, wai bai ga faifan tayarwa ba. Na ɗan jima a nan. Ashe VMD, wani saitin Intel na kula da faifai, ne a kunne a sabon BIOS, a tsohon madabod kuma a kashe yake lokacin da na saka Windows, don haka babu direbansa. Na kashe shi, ya tashi lafiya lau.

Na sabunta BIOS, na kunna XMP don ram ya hau gudunsa na 3600, ban taɓa komai ba bayan wannan. Yau awo kawai na yi don in san daga inda na taso. Manhajar gwaji Cinebench R23 minti goma, HWiNFO mai nuna zafi da wuta a buɗe a gefe: manyan ƙwayoyi 4.5, zafi wajen digiri 70, VRM ko ɗumi bai yi ba. Na matse wani bidiyo guda da HandBrake na rubuta lokacin, shi zan riƙa maimaitawa duk bayan canji. Ma'ana da Z690 da B660 in ba ka taɓa komai ba gudunsu ɗaya ne sak, gani ya kori ji.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yau na rubuta 49 a duk manyan ƙwayoyi, ya karɓa. Wallahi na ji daɗin ganin 4900 a jere sau shida.

Na sa bolt tsayayye 1.25 don in san abin da nake bayarwa, na saki iyakar wat. 4.9 ya wuce Cinebench. Na hau 50, na sa 1.28, minti biyu da fara gwaji kwamfuta ta daskare, shuɗin allo CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, wanda yawanci alamar ƙwaya ba ta samu isasshiyar wuta ba ce. Na ƙara zuwa 1.30, ya sake. Kafin in ƙara kuma sai na tsaya na kalli HWiNFO da kyau, na ga abin da na rubuta a BIOS daban abin da ke isa firosesa lokacin aiki daban, na sa 1.30 amma da nauyi ya hau sai ya zube zuwa wajen 1.21.

Wannan zubewar da gangan aka tsara ta, kuma saitin da ke kula da ita shi ne LLC. In ka sa shi a mataki mafi ƙarfi wutar za ta tsaya cak a lambar da ka rubuta, kuma da farko abin zai yi maka kyau a ido, amma duk lokacin da nauyi ya sauka kwatsam wutar tana yin tsalle sama na ɗan lokacin da manhaja ba ta iya gani, firosesan kuwa yana ji. Don haka tsakiya ake so, a bar ta ta ɗan zube. Wani abin lura, lambobin matakan ba ɗaya ba ne a kowane kamfani, a wani 1 ne mafi ƙarfi a wani kuma babbar lamba ce, sai ka duba zanen da ke gefen saitin kafin ka zaɓa.

Na sa matsakaici, 1.31 a BIOS, wajen 1.27 a ƙarƙashin nauyi. Cinebench ya wuce. Amma zafi ya kai 94, iyakar kuwa 100 ce. Ban yarda da wannan ba, na tsaya nan.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Zafi. Wutar da firosesa ke ci tana hawa ne da bolt sau kansa, daga 1.20 zuwa 1.30 kaɗai kusan kashi 17 cikin 100 ne ƙari tun kafin a lissafa ƙarin gudun, don haka hawan zafi ba abin mamaki ba ne, amma 94 ya yi yawa ga hasumiya biyu, kuma ƙwayoyi biyu sun fi sauran zafi da tazara mai yawa.

Na cire na'urar sanyaya na duba yadda man da ke tsakaninta da firosesa ya bazu, gefe da gefe ya matse sosai, tsakiya kuwa ya taru da kauri. Firosesan LGA1700 dogo ne, 37.5 da 45 milimita, maƙallin soket kuma a tsakiyar dogayen gefuna yake danna shi, da lokaci sai murfin ya ɗan lotsa. Nawa shekara biyu yana danne. Na cire maƙallin na saka firam ɗin nan da ke danna gefuna huɗu daidai.

A nan na yi kuskure, na ɗaure sukurorin da yawa, na kunna, sandar ram ɗaya ta ɓace, 16GB kawai yake gani. Matsi ya hana wasu fil na soket taɓawa daidai. Na sassauta su duka, na sake ɗaurewa a hankali ɗaya bayan ɗaya ta kusurwa da kusurwa, 32GB ya dawo. Zafi yanzu 86 a gwajin da ya ba da 94. VRM bai wuce 60 ba bayan rabin awa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na gwada 51. Yana tashi, yana ma wuce gajeren gwaji, amma kafin ya tsaya a manhajar gwaji ta OCCT sai da na kai wajen 1.36 a ƙarƙashin nauyi, zafi ya koma cikin 90. Saboda 100 MHz, wato kashi 2 cikin 100. Na koma 50. Iyakar firosesana ke nan da wannan sanyayar, kuma da Z790 mafi girma na saka shi a nan ɗin dai zai tsaya.

Sai ƙananan ƙwayoyi huɗu, daga 3.6 na kai su 3.9. Abin da ban sani ba da, manyan ƙwayoyi da ƙanana da zoben da ke haɗa su da ma'ajiyar L3 duk layin wuta ɗaya suke sha, don haka in ɗaya ya buƙaci ƙari kowa ne zai sha ƙarin. Zoben yana sauka 3.6 in ƙananan na aiki, na ɗaga shi zuwa 4.0. A 4.2 babu shuɗin allo amma HWiNFO ya fara ƙirga kurakuran WHEA a can ƙasa, irin waɗanda firosesa ke gyarawa da kansa bai faɗa maka ba. Kuskure ko ɗaya ne ban karɓa ba, bidiyon awa huɗu ba zan so ya lalace a tsakiya ba. Na dawo 4.0, lambar ta tsaya a sifili.

Ram yana 3600 a Gear 1, wato mai kula da ram yana tafiya daidai da shi a 1800 MHz. Na tabbatar da wannan da idona don wasu BIOS suna jefa shi Gear 2, inda yake tafiya da rabin wannan gudun, su yi shiru. Gwajin ram na MemTest86 zagaye huɗu babu kuskure.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Sati guda ke nan a 5.0 manya, 3.9 ƙanana, zobe 4.0. Na mayar da bolt daga tsayayye zuwa mai bin nauyi don ya riƙa sauka in kwamfuta na hutawa, wannan ya ci min dare biyu kafin lambar ƙarƙashin nauyi ta dawo 1.27 inda take. OCCT awa biyu, gwajin y-cruncher awa ɗaya, babu WHEA. Daga 4.5 zuwa 5.0 kashi 11 ne a lissafi, bidiyon gwajina kuma ya ragu da kusan kashi 9, a aikin awa huɗu wajen minti ashirin ke nan, abin da na fito nema.

Na kira Yaya na faɗa masa, ya ce to madalla, amma ka bar shi ya yi wata guda kafin ka ce ya zauna, kuma ka sake duba zafin in ɗakin ya fi haka ɗumi. Na ajiye saitin a BIOS da kuma filashi. Abin da ya rage, in gwada ninki 51 a kan ƙwaya biyu kawai lokacin aiki marar nauyi, sai in duba ko ram ɗin zai yarda da 3800 a Gear 1 ba tare da na taɓa VCCSA, bolt ɗin mai kula da ram, da yawa ba. Ram zan fara, ranar Asabar mai zuwa in sha Allahu.